Baffan yara ya kawo mai juya mana kuɗin gado, na tambayi lasisi ya yi fushi

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni mazauniyar Kubwa ce a nan Abuja, maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, Allah ya yi masa rasuwa bara ya bar ni da yara huɗu, babban yana aji biyar a sakandare. Bayan wahalar takardu da zirga-zirgar kotu kuɗin fanshonsa da na inshorar rai sun fito, an raba gado, nawa da na yara ya kama miliyan 18 kuma yana hannuna. To yanzu yayan maigidana, baffan yara, ya kawo min wani Alhaji da suke sallah masallaci ɗaya, wai masani ne a harkar zuba jari, ya yi shekara 12 a banki a Legas, daga nan ya yi aiki a Amurka har yana da lasisin can. Na je ofishinsa a Wuse 2, ofis mai kyau ga takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a bango. Ya ce zai riƙa ba mu kashi 8 cikin ɗari duk wata, uwar kuɗi ba abin da zai taɓa ta, kuma halal ne babu ruwa a ciki. Sai dai ya ce in tura kuɗin zuwa asusunsa na kansa, wai na kamfani ana wani gyara a kai. Baffa ya ce shi ma ya sa miliyan 2, wata uku ke nan alat bai taɓa saɓawa ba. Da na ce ina so in ga lasisin mutumin sai Baffa ya ɓata rai, ya ce wato shi ne zai cuci 'ya'yan ƙaninsa ko? Tun ranar bai ƙara kira na ba. Anti ga kuɗin makaranta ga haya, kuɗi kuma a ajiye sai zagwanyewa yake. Ina jin nauyinsa sosai don ya tsaya mana lokacin rasuwa. Ya zan yi?

Maman yara, Kubwa

Wa alaikumus salam Maman yara. Allah ya jiƙan maigida ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ƙara miki haƙuri da juriya.

Kar ki tura ko kwabo tukuna. Wannan na fara faɗa ne saboda na san yadda abin yake, mutum na karanta amsa ana kiransa a waya ana cewa yau ce rana ta ƙarshe. Ban san Alhajin nan ba, ba zan kira shi ɓarawo ba, amma abin da kika rubuto ya isa a dakata, kuma tambayar da kika yi wa Baffa ita ce tambayar da ya kamata shi ya fara yi kafin ya sa miliyan biyunsa.

Maganar asusun kansa ita ta fi tsaya min a rai. Ke da kika gama shan wuyar fitar da kuɗin mamaci, ke ce ma kika fi kowa sanin abin da nake nufi. A ce mutumin nan waliyyi ne, bai taɓa cin sisin kowa ba, kika tura masa miliyan 18 yau, jibi Allah ya karɓi abinsa, toh a idon banki da kotu kuɗin nan ya zama nasa, ya shiga cikin gadonsa, matansa da 'ya'yansa ne za su je su nemi takardar kotu irin wadda kika nema, ke kuma ki koma gefe kina rantsuwa cewa naki ne. Wannan fa idan mutumin kirki ne ke nan. Sannan wane irin gyara ake wa asusun kamfani da har ba zai iya karɓar kuɗi ba? Idan banki ne ko kotu suka sa masa takunkumi, wannan ma abin tambaya ne babba. Idan kuma gyaran gaske ne, ai kuɗinki ba tsiro zai yi ba, a gama gyaran kina nan.

Sai lissafin kashi 8. Ɗauki wayarki ki buga: kashi 8 na miliyan 18 naira miliyan 1 da dubu 440 ne duk wata, a shekara kashi 96 cikin ɗari ke nan, wato kuɗinki ya kusa ninka kansa. Gwamnatin tarayya sukutum da guda, lokacin da ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari marar ruwa, a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, abin da ta yi alkawari kashi 16.47 ne a shekara. Ko a ƙarshen 2024 da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, shi ma na shekara ne. To idan har Alhaji yana da wata sana'a da ke haifar da sama da kashi 96 ba faɗuwa ba asara, me zai yi da kuɗin marayu? Ai sai ya koma wajen tsoffin abokan aikinsa na banki ya ci bashi, ko da kashi 35 za su caje shi, ya riƙe sauran shi kaɗai. Alat ɗin Baffa na wata uku kuwa ba hujja ba ce, miliyan 2 ya bayar an dawo masa da dubu 480, har yanzu cikin kuɗinsa ake yanko masa. MMM ma, tsarin nan na intanet da ya cinye kuɗin jama'a, ta biya mutane kafin ta rufe asusunsu a Disambar 2016, kashi 30 a wata take cewa. 'Yar'uwarta CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025 ita ma ta biya na farko-farko, daga baya SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, ta fito ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Haka tsarin yake tafiya, a karɓi na sabon shiga a biya na tsoho, shi na tsohon ya tafi masallaci da gidan biki yana ba da shaida da zuciya ɗaya.

Yanzu takardar bango. Mutanenmu da yawa da sun ga tambarin CAC a firam shikenan hankali ya kwanta. CAC rajistar sunan kamfani kawai take yi, mai shagon ɗinki da mai gidan burodi da mai sayar da siminti a Dei-Dei duk suna da ita. Kamar takardar haihuwa ce, ta nuna an haifi yaro an sa masa suna, ba ta ce ya iya tuƙi ba balle a ba shi motar haya ya ɗebi fasinja. Wasu har suna ƙarawa da takardar SCUML ta ɓangaren EFCC su ce kin ga EFCC ma ta san da mu, ita ma wannan rajista ce ta yaƙi da halasta kuɗin haram, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Izini yana hannun hukumar da ke kula da irin aikin. Mai karɓar ajiya, banki ko ƙaramin banki, Babban Banki, CBN, ke ba shi lasisi. Kamfanin fansho irin wanda ya biya ku, hukumar fansho PenCom ce ke ba shi. Inshora da takaful, wato inshorar Musulunci, na hukumar NAICOM ne. Wanda kuwa zai ce kawo kuɗinki in zuba miki a jari, ko in ba ki shawarar inda za ki zuba, wannan na SEC ne, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, kuma hedkwatarta a nan Abuja take, cikin Central Area, ba sai kin je Legas ba.

Ko a cikin rajistar SEC ɗin ma akwai hawa-hawa, kuma nan ne ake yi wa mutane wayo. Akwai mai ba da shawara kawai, shi aikinsa ya zauna da ke ya duba halinki ya ce miki ga inda ya dace, ki biya shi ladan shawararsa ku rabu. Akwai dillalin hannun jari mai saye da sayarwa a madadinki. Akwai mai sarrafa dukiya, wanda ake damƙa wa kuɗi ya juya. Kowanne da rajistarsa daban da jarin da sai ya nuna yana da shi. A ƙa'idar da SEC ta fitar a ƙarshen 2013, kamfanin ba da shawara naira miliyan 5 aka nema daga gare shi, mai sarrafa dukiya miliyan 150, babban dillali mai saye da sayarwa miliyan 300. Kin ga tazarar ai. Wanda aka yi wa rajistar shawara a wancan lokacin da jarin da bai kai sulusin kuɗin da ke hannunki ba, ba shi aka yarje wa ya riƙe miki miliyan 18 ba. Don haka idan ya ce miki eh ina da rajista, tambaya ta gaba ita ce rajistar wane aiki, kuma da sunan wane kamfani.

Ki karɓi cikakken sunan kamfanin harafi da harafi da lambar rajistarsa ta CAC. SEC tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na intanet, kyauta ake dubawa, babban yaronki ma zai iya duba miki. Amma ni na fi son ki taka da ƙafarki, ki rubuta 'yar wasiƙa mai layi huɗu biyar kina tambaya ko wannan kamfani da wannan mutum suna da rajista kuma ta wane aiki, ki yi kwafi biyu a buga miki hatimi a ɗaya ki riƙe. Idan kin ga sunan a jerin ma kar ki tsaya nan, don akwai masu ɗaukar sunan kamfani na gaske su canja harafi ɗaya ko su ƙara kalma ɗaya a ƙarshe. Ki nemi lambar ainihin kamfanin ta wata hanya daban, ba wadda ke jikin katinsa ba, ki kira ki ce Alhaji wane ma'aikacinku ne? Ofishinku na Wuse 2 ɗin nan naku ne?

Toh bari mu zo kan tarihin aikinsa, don shi ne abin da ya ruɗi Baffa, kuma shi ke ruɗar yawancinmu. "Ya yi shekara 12 a banki." Wane banki? Wane reshe? Daga wace shekara zuwa wace shekara? A wane teburi ya zauna? Banki gida ne mai ɗakuna da yawa, akwai mai ƙirga kuɗi a kanta, akwai mai yawo kasuwa-kasuwa yana neman a buɗe asusu, akwai mai bin bashi, akwai na kwamfuta, akwai 'yan ƙalilan da ke sashen baitulmali suna saye da sayar da takardun lamunin gwamnati. Mutum zai iya shekara 20 yana buɗe wa mutane asusu bai taɓa juya jarin kowa ba, abin da ya ƙware a kai shi ne daɗin baki da sa mutum ya saki kuɗi, kuma wannan ƙwarewar ita ce kika gani a ofishinsa.

Ita kanta SEC ba ta yarda da "na yi aiki a banki" da baki. Duk kamfanin da ke neman rajista sai ya gabatar da wasu ma'aikatansa da za su tsaya da sunansu, a kawo tarihin rayuwarsu tun daga sakandare zuwa yau da kwanan wata, duk inda aka samu giɓi a yi bayaninsa, a kawo adireshin inda mutum ya bari aiki na ƙarshe da masu tsaya masa, a je wajen 'yan sanda a tantance shi, sannan ya zauna a gaban hukumar ta yi masa tambayoyi. Hukuma mai lauyoyi da jami'ai ke nan ba ta ji kunyar tambaya ba, sai ke mai marayu huɗu ce za a ce kin yi rashin ɗa'a?

Giɓin nan shi za ki sa wa ido. Idan ya ce ya bar banki a shekara kaza ya tafi Amurka a shekara kaza, tsakani akwai shekara uku da ba a ambata ba, ina yake? Kuma me ya raba shi da bankin? A nan dole a yi adalci, barin banki ba laifi ba ne. Lokacin da Soludo yana Gwamnan Babban Banki ya ɗaga jarin bankuna daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, mutanen kirki da yawa sun rasa aiki ba su ci ba su sha ba, haka ma bayan garambawul ɗin da Sanusi Lamido Sanusi ya yi a 2009. Wanda irin wannan ta rutsa da shi zai faɗa miki kai tsaye, har ya nuna miki takardar sallama. Amma akwai kuma waɗanda aka kora saboda sun taɓa kuɗin mutane, su bankuna na kai sunayensu CBN don kada wani banki ya sake ɗaukarsu, to irin waɗannan ƙofar banki ta rufe musu, abin da ya rage shi ne su kama ofis su sa babbar riga su ce su masana ne. Daga nesa ba za ki bambanta su ba. Hanyar ita ce ki ce ya ba ki sunan mutum biyu da suka yi aiki tare, ɗaya ya kasance ogansa ne, sannan ki nemi wani naki ya bincika ta bayan fage. Abuja ba ta da girman da ake zato, a cikin abokan aikin marigayi ko mazajen ƙawayenki ba za a rasa wanda ya san wani a wannan bankin ba.

Haka haruffan da ake jerawa bayan suna. Idan ya ce shi dillalin hannun jari ne, akwai cibiyarsu, CIS, wadda doka ta kafa a 1992, sai mutum ya ci jarrabawarta ya zama ɗan ƙungiya, ana iya tambayarsu. Idan ya ce akanta ne na ICAN ko ANAN, madalla, ya iya lissafi da duba littattafai, amma wannan ba rajistar SEC ba ce. Takardar halartar taron bita na kwana uku a otal kuwa, wannan ko ni ina da su a akwati.

Maganar Amurka ita ce ma mafi sauƙin bincike, abin dariyar ke nan, ana kawo ta ne don a rufe bakin mutum alhali can ne asiri ya fi saurin tonuwa. Suna da wata ƙungiya mai sa ido kan dillalai, FINRA, tana da shafi mai suna BrokerCheck, kyauta ne, daga Kubwa za ki buɗe shi. Kowane dillali mai rajista yana da lambarsa ta CRD. Ki sa sunansa ko lambar, zai fito miki da kamfanonin da ya yi wa aiki da shekarun, da tarihin aikinsa na shekara 10 da suka wuce, da jarrabawar da ya ci irin su Series 7, da ƙorafin da abokan hulɗa suka taɓa kai shi, da ko an taɓa hukunta shi ko an sallame shi bayan wani zargi. Wanda ya bar aikin ma sunansa yana nan har shekara 10. Ingila ma suna da irin wannan rajistar a ƙarƙashin tasu hukumar, FCA. Don haka ki ce masa cikin ladabi, Alhaji a taimaka min da lambar CRD. Wanda ya yi aikin da gaske ba zai yi inda-inda ba. Kuma ko an same shi fes a can, rajistar tana ɗaure ne da kamfanin da yake wa aiki a lokacin, sannan ta Amurka ce, ba ta ba shi izinin karɓar naira a Wuse 2 ba. Nan sai ta SEC ɗinmu.

Ga yadda abin yake idan na gaskiya ne, don ki samu abin aunawa. In hannun jari za a saya miki, ana buɗe miki asusu da sunanki a CSCS, inda ake ajiyar hannayen jarin kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, a ba ki lambarki, abin da aka saya yana zaune da sunanki ba da sunan dillali ba, kuma za ki iya neman bayanin asusunki ki gani da idonki. In kuma asusun haɗaka ne da ake tara kuɗin mutane da yawa a juya, shi kansa asusun sai SEC ta yi masa rajista, akwai mai sarrafawa, akwai amintattu masu sa masa ido, akwai banki daban da dukiyar ke ajiye a hannunsa. An raba hannun ne da gangan don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai karɓa shi ne mai ajiya shi ne mai ba da labari. Kuma cikinsu babu wanda zai rantse miki cewa ribar hannun jari ba ta sauka. Idan rigima ta taso da kamfani mai rajista kina da inda za ki kai kuka, kamfanin da farko, sannan SEC, sannan akwai kotu ta musamman ta harkar zuba jari. Wanda ba shi da rajista kuwa sai dai EFCC da 'yan sanda, su kuma kama mutum suke iya yi, dawo da kuɗin da aka riga aka cinye wani abu ne daban.

Batun halal, ni ba malama ba ce, ki kai wa malamin da ya raba muku gado. Amma ki faɗa masa maganar yadda take: an ce uwar kuɗi ba za ta taɓu ba, kuma an yanke kashi 8 na uwar kuɗin duk wata ko an ci riba ko ba a ci ba. Abin da muka taso muka ji a ƙiradi, wato ka ba wani jari ya juya, shi ne ribar da aka samu ake rabawa bisa kason da aka yi yarjejeniya, in asara ta zo ba da sakaci ba mai dukiya ya ɗauka. Ki ji abin da zai ce. Ni dai na lura kalmar halal ta zama abin da ake fara jefa wa matan Arewa, don an san da ita ake kashe mana baki.

Saura Baffa, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ni ban ɗauke shi macuci ba. Mutumin da ya sa nasa kuɗin ya yarda ne da gaske, kuma fushinsa na fahimce shi, ya kai abokinsa ya yabe shi, sai ga matar ƙaninsa tana neman takarda, ya ji kamar shi aka tuhuma. Kar ki jira ya kira, ke ki shirya ki je gidansa da yaran, ki gaida iyalinsa, ki gode masa kan tsayuwar da ya yi muku. Kar ki je ke kaɗai da maganar, ki tafi da babanki ko yayanki ko dai wani babba da yake jin nauyinsa. Kuma kar ki ce ban yarda da Alhaji ba. Ki ce Yaya, da nawa ne ni kaɗai da tuni na bi bayanka, amma mafi yawan kuɗin nan na marayu ne, gobe za su girma su tambaye ni, kuma Allah zai tambaye mu ni da kai, ina so duk abin da za a yi ya zama a rubuce da shaidu yadda ko bayan ranmu ba mai zarginka. Ba wanda zai ja da wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma an yi mana kashedi kan kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Sai ki roƙe shi alfarma ɗaya, ya raka ki SEC, ko ya haɗa ki da babban ɗansa. In Alhaji ya fito fes, girman na Baffa ne. In bai fito ba, da kunnensa ya ji, ba daga bakinki ba.

Wani abu kuma da za ki tambayi shi Alhajin, ba Baffa ba, kuma ba a gaban Baffa ba: ana ba wanda ya kawo mutum la'ada? Idan ana bayarwa to kin gano dalilin matsin. Kuma wannan ma hatsari ne ga Baffan, domin sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun ga masu gudanar da irin wannan haramtaccen tsari da masu yayata shi. Ranar da abu ya fashe, wanda ya kawo mutane shi ake fara zuwa ƙofar gidansa, don shi aka sani.

Na ji kukanki na cewa kuɗi na zagwanyewa, gaskiya ne, tsadar kaya na cin kuɗin da ke kwance. Amma wata ɗaya ko biyu na bincike ba zai kai asarar uwar kuɗi ba. Kafin nan ki raba na kowane yaro a rubuce, kowa da kasonsa yadda malam ya yanke, kar ki cakuɗa da naki, ki ware na haya da na makaranta na shekara guda ki ajiye inda hannunki zai kai. Ki sani kuma inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe, tun 2024 naira miliyan 5 take rufewa ga kowane mai ajiya a babban banki ɗaya, miliyan 2 a ƙaramin banki, don haka tara miliyan 18 wuri ɗaya ma ba dabara ba ce, kuma wannan inshorar ta ajiyar banki ce kawai, ba ta shafi abin da aka miƙa wa mai juya kuɗi ba. In kina gudun ruwa akwai bankunan da ba sa harka da shi irin su Jaiz da TAJ, duk suna nan Abuja, akwai sukuk na gwamnati idan ofishin kula da basussuka, DMO, ya buɗe sayarwa, daga naira dubu 10 ake shiga. Ban ce ga wanda za ki zaɓa ba, ni ma ba ni da rajistar SEC, in na fara zaɓa miki sai ki tambaye ni tawa takardar. Ki zauna da kamfani biyu ko uku da kika tabbatar da rajistarsu, ki ji ta bakin kowanne, ki tambayi nawa suke caja da kuma yadda ake fita in buƙata ta taso, kar ki sa hannu a ranar da aka ba ki takarda.

Idan Alhaji ya fara cewa garaɓasar za ta rufe ranar Juma'a, ko ya ce masu manyan kuɗi ma ba sa yi masa irin waɗannan tambayoyin, ko ya koma yi miki wa'azin tawakkali, ki yi masa godiya ki tashi. Ki adana katinsa da saƙonninsa na WhatsApp da lambar asusun da ya turo miki, ki tafi da su SEC ɗin. Shi kuma Baffa, in kun shirya, ki sa babban da kuka je tare ya ba shi shawara a hankali ya nemi a dawo masa da miliyan biyunsa gaba ɗaya, ya ce wata lalura ce ta taso, in ya so daga baya ya mayar. Ku ga kwana nawa za a ɗauka kafin kuɗin ya fito, sai ki rubuto min abin da aka ce masa.